Kiwon Tarwaɗa A Cikin Gida: A Fara Shirya Mata Mazauni

Wani mai karatu, malamin ofis ne a Kakangi ta ƙasar Birnin Gwari, ya aiko mana da takarda mai ban tausayi. Ya ce kwanakin baya ya je Kaduna, ya shiga wani kanti, sai ya ga wani ɗan kifi ja wur, mai doguwar wutsiya kamar an yafa masa gyale, yana zaune cikin 'yar kwalba wadda ba ta fi cin kofin shayi biyu ba. Mai kanti ya ce masa wai wannan kifi ba ya bukatar kome, sai dai a riƙa jefa masa ɗan abinci. Malamin ya saya wa ɗansa guda. A kan hanyarsa ta komowa sai ya yi wani tunani, ya ce in har wannan ɗan mitsitsi ya iya zama cikin kwalba, to, ina ga tarwaɗa wadda kowa ya san taurin ranta? Da isowarsa gida ya sami duro mai cin lita 200, ya cika shi da ruwa, ya sayo 'ya'yan tarwaɗa 200 ya zuba. Kafin mako biyar, in ji shi, waɗanda suka rage ba su kai 30 ba, waɗansu ya kwashe gawarsu, waɗansu kuwa ko gawar bai gani ba. Na cikin kwalba shi ma ya daina cin abinci, ya kwanta a ƙasa, yaro sai kuka ya ke yi. Malamin yana tambaya wane magani zai saya.

Malam, ba magani za ka saya ba. Kifinka ba cuta ta kashe su ba, mazauni ne bai dace da su ba. Da ya ke kuwa ba kai kaɗai ne wannan abu ya taɓa sama ba, mun ga ya kamata mu ba da filin wannan mako duka ga maganar, don jama'a su amfana.

Akwai dalilin da ya sa mutanen wannan yanki suka fara sha'awar kiwon kifi a gida. Shekaru da dama 'yan bindiga sun hana mutanen Kakangi da Randagi da sauran garuruwan yammacin Birnin Gwari zuwa gonakinsu na nesa, masunta kuma zuwa kogin Mariga da rafukan da ke gefen dajin Kamuku ya zama sai da kasada. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe. Amma wanda ya taɓa barin hatsinsa a gona ya gudu ba zai manta ba, shi ya sa sana'ar da mutum zai yi cikin katangar gidansa, idonsa na kanta dare da rana, ta ke da daraja ƙwarai. Kiwon kifi kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1951 aka fara gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, bayan an gama madatsar Kainji a 1968 kuma aka kafa wurin binciken kifi a New Bussa. Yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya kiwon irin wannan tarwaɗa a duniya. Watau sana'ar tana ci, in an bi ta yadda ya kamata.

Taurin rai ba lafiya ba ne

Bari mu fara da na cikin kwalba, gama shi ne ya ruɗi malamin. Sunansa beta, waɗansu kuma su kan ce da shi kifin faɗa na Siyam, watau ƙasar da yanzu a ke kira Tailan. Asalinsa cikin fadamun shinkafa ya ke zaune, da kududdufai masu ciyawa inda ruwa ba ya gudu. Tsawon jikinsa kamar inci biyu da rabi ne. Maza biyu ba su haɗuwa wuri guda sai sun yi faɗa, har mutanen can tun da daɗewa su kan haɗa su kamar yadda a ke haɗa zakaru. To, shi wannan kifi Allah ya yi masa wata baiwa. Yawancin kifi da iskar da ke narke cikin ruwa su ke numfashi, suna tace ta da jan abin nan mai kama da matsefi da ke ƙarƙashin kunnensu. In iskar ta ƙare sai su mutu. Shi kuwa beta yana da wata gaɓa ta dabam cikin kansa, wadda da ita ya ke tasowa sama ya shaƙi iska irin tamu. Shi ya sa ya kan yi kwanaki cikin kwalba bai mutu ba, mai kanti kuma ya sami abin nuna wa masu saye. Amma fadamar shinkafa, ko da ba ta da zurfi, faɗi gare ta, ruwanta da ɗumi, ƙazantar kifi guda ba ta isa ta ɓata ta ba. Ina kwalba ina wannan?

Tarwaɗa ma haka ta ke. Ita ma tana da wata gaɓa mai rassa kamar ɗan itace a bayan kunnenta, da ita ta ke shan iska a sama. Kowane masunci ya san ta kan yi awoyi cikin kwando ba ta mutu ba, in an yi ruwan dare ma ta kan ja ciki ta bar wannan kududdufi ta koma wancan. Gaiwa ta ma fi ta, ita da ke kwana cikin busasshen taɓo har rani ya wuce. Amma wa ya taɓa ganin gaiwa ta yi ƙiba cikin taɓon? Ramewa ta ke yi, tana jiran damina. Wannan baiwa ta tsira da rai ce ranar wuya. Mai kiwo kuwa ba tsira ya ke nema ba, so ya ke ɗan kifi mai tsawon yatsa ya kai kilo guda cikin wata biyar ko shida. Wannan ba ya yiwuwa sai cikin ruwa mai kyau, da wadatar wuri.

Ga abin da ke faruwa cikin ruwan da aka cunkushe. Duk abincin da kifi ya ci, wani sashe ya kan zama nama, saura ya fito ƙazanta. Mafi munin ƙazantar nan ba kashin da ka ke gani a ƙasa ba ne, wata guba ce da a ke kira amoniya, irin zarnin da ke tashi a ɗakin kaji, wadda kifi ke fitarwa ta kunnuwansa ta narke cikin ruwa. Ido ba ya ganinta. A rafi ruwa ne ke tafiya da ita, a cikin duro kuwa ba ta da wurin zuwa. In ta taru sai ta ƙone wa kifi kunne, ya daina cin abinci, fatarsa ta yi gyambo, sa'an nan cuta ta sami ƙofa. Malam ya ba kowane kifi lita guda tak, watau bai kai kwanon sha ba. Waɗanda bai ga gawarsu ba kuwa ba ɓarawo ba ne, 'yan'uwansu ne suka haɗiye su. Za mu zo kan wannan.

Ƙidaya ruwa kafin ka ƙidaya kifi

Yawancin mutane da yawan kifi su ke farawa, su ce ni 500 zan zuba, ni 1,000. Wannan hawan doki ne ta wutsiya. Abin da za ka fara tambayar kanka shi ne, jarka nawa ta ruwa zan iya samu kowace rana, ba da damina ba, a watan Maris da Afrilu sa'ad da rijiyoyi suka ja baya, mata na kwana a bakin burtsatse? Wannan adadi shi ne zai yanke maka yawan kifin da za ka iya riƙewa.

Lissafin ba shi da wuya. Ga mai koyo, wanda ba shi da injin da ke juya ruwa, shawararmu ita ce kada ya wuce kifi 50 cikin lita 1,000. Gwanaye su kan zuba fiye da haka, amma su ruwansu kullum gudu ya ke yi. Lita 1,000 jarka 40 ke nan, irin mai cin lita 25. Sa'ad da kifin suka fara girma, tilas bayan kowane kwana biyu ko uku ka zubar da sulusin ruwan ka ƙara sabo, watau jarka 13 ko 14. In sun kusa isa sayarwa ma abin ya kan kai kullum. In kana iya wannan ba tare da ka hana iyalinka ruwan sha ba, to, kana iya kiwon 50. In gini za ka yi, auna tsawo da faɗi da zurfin ruwa da ƙafa, ka riɓanya su, abin da ya fito ka sake riɓanya shi sau 28, shi ne yawan lita. Misali tanki mai tsawon ƙafa 10, faɗi 6, zurfin ruwa 3, zai ci wajen lita 5,000, ya ɗauki kifi 250. Amma sulusinsa jarka kusan 70 ne. Wanda zai sayi wannan a hannun 'yan ga-ruwa, ribarsa ta tafi tun bai fara ba. Irin wannan sai mai rijiya mai ƙarfi da injin ja, ko mai burtsatse.

Bayan ruwa sai abinci, don shi ne ke cin fiye da rabin kuɗin kiwo. Da abinci mai kyau na kamfani, kilo guda zuwa guda da rabi ke ba da kilo guda na kifi. Buhun kuwa yawanci kilo 15 ne. Ashe kifi 50 za su ci buhu 4 ko 5 kafin su isa, 250 kuma buhu 20 zuwa 25. Je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu yau, ka riɓanya, ka ga ko aljihunka zai kai ka ƙarshe. Mun sha ganin wanda ya zuba kifi da yawa, a wata na uku kuɗi suka yanke, ya koma ba su dusa da ragowar tuwo. Tarwaɗa maciya nama ce, dusa ba ta gina ta, sai dai ta ruɓar da ruwa. Gara 50 ƙosassu da 300 masu manyan kawuna da siraran jiki, waɗanda ba mai taya su.

Wane irin mazauni?

Iri huɗu ne a ke amfani da su. Na farko kududdufin ƙasa, wanda a ke haƙawa a fadama mai yumɓu. Gaskiya shi ne ya fi kama da gidan kifi na asali, ƙasa da rana da ƙananan halittun da ke cikinsa su kan cinye ƙazanta da kansu, ba sai an yi ta canja ruwa ba. Amma yana nesa da gida, ambaliyar watan Agusta ta kan tafi da kifin mutum dare ɗaya, ga guza, ga zalɓe, ga mai hannu biyu. Ga mutumin Kakangi a wannan zamani ba mu ba da shawararsa, sai fa wanda fadamarsa ke jikin gari.

Na biyu tankin siminti. Yana daɗewa, yana riƙe sanyi da ɗumi daidai, amma da tsada, kuma in an gina shi an gina ke nan. A nan akwai gargaɗi. Lita guda ta ruwa nauyinta kilo guda ne, saboda haka tankin nan na lita 5,000 yana ɗauke da tan biyar, kullum yana tura bango. In magini ya jera bulo kawai ya shafe kamar ɗaki, wata rana zai fashe, kuma ba ya sallama. Lalle a cika ramukan bulon da kankare, a sa rodi a kusurwoyi, a zuba daɓe mai kauri. A karkata daɓen kaɗan zuwa kusurwa guda inda bututun zubar da ruwa ya ke, don ƙazanta ta gangara can da kanta. Masu ginin da ba su taɓa yi ba su kan manta da wannan, sai ka ga mai kifi yana kwasar ruwa da bokiti har ƙarshen kiwo.

Na uku tankin roba. Akwai mai kusurwa huɗu cikin kejin ƙarfe, mai cin lita 1,000, wanda a ke sayarwa na hannu a Kaduna da Kano. Yana da kyau ga mai farawa, in an yanke samansa duka ya zama a buɗe. Sai dai kafin ka biya ka tambayi abin da aka taɓa zubawa ciki. In man girki ne ko kayan zaƙi, wanki ya isa. In maganin feshi ne, ko na kashe ciyawa, ko wani sinadarin da mai sayarwa ya kasa faɗin sunansa, bar masa abinsa ko kyauta ya ba ka, gama roba ta kan sha guba ta riƙa fitar da ita kaɗan kaɗan. Dattawa sun tuna yadda ɗan gamalin kaɗan ke kashe kifin gulbi guda.

Na huɗu tamfol, wanda a ke ɗinkawa kamar akwati a ɗaura shi jikin katako ko bututun ƙarfe. A ganinmu shi ya fi dacewa da yawancin masu karatunmu. Ya fi siminti araha nesa, ba ya bukatar jiran kome, ɗan haya na iya kafa shi, in kuma tashi ya kama mutum, Allah ya kiyaye, sai ya naɗe abinsa ya aza a mota. Aibinsa shi ne ɓera da tsini. A share wurin sarai, a shimfiɗa yashi mai laushi kamar inci biyu kafin a ɗora shi.

Duron ƙarfe kuwa ba ya cikin lissafi. Yana tsatsa, yana ɗaukar zafin rana kamar tukunya, ga shi da zurfi ba faɗi. Kifin da ke tasowa shan iska faɗin sama ya ke bukata. Zurfin ruwa ƙafa 3 ya isa, a bar kamar ƙafa guda tsakanin ruwa da baki, don tarwaɗa gwanar tsalle ce, musamman daren da aka yi ruwan sama.

Wurin kafawa shi ma abin dubawa ne. Kada a manna shi da katangar ƙasa, taka ko ta maƙwabci, damshi zai ci gindinta, a zo ana shari'a gaban mai unguwa. Kada ya kusanci salga, kuma ruwan da za a zubar kada ya gangara wajen rijiya. A yi masa rumfar zana wadda za ta rufe rabi ko fiye, amma ba ƙarƙashin itace mai zubar da ganye ba. A rufe saman da raga mai ƙarfi, a ɗaure ta. Ragar nan tana hana tsuntsu da muzuru da kaji, tana hana kifi fita, amma babban aikinta shi ne yara. Ruwa mai zurfin ƙafa 3 ya isa ya halaka ɗan shekara biyu, a gidan da ke da ƙanana kuwa har ɗan shinge mai ƙofa ya kamata a yi.

Ruwan da ka ke zubarwa ba asara ba ne, taki ne. Ja masa 'yar hanya zuwa bayan gida ka shuka alayyafo da kuɓewa da tumatir, ko ka dasa ayaba. Abin da ba a so shi ne a bar shi ya kwanta ya zama gidan sauro.

Kada a yi gaggawar zubawa

Sabon siminti yana da kaifi irin na farar ƙasa, wanda ke fita cikin ruwa ya ƙone fatar kifi. Duk wanda ya taɓa kwaɓa siminti da hannu ya san yadda ya ke ci. Saboda haka in an gama gini ya bushe, a cika shi da ruwa a bar shi mako guda, a zubar, a goge bango da buroshi, a sake cikawa. A yi haka sau biyu ko uku. Waɗansu su kan jefa gungumen ayaba ko busasshiyar ciyawa ciki don abin ya yi sauri, ba laifi, amma canjin ruwan shi ne ainihin aikin. Tamfol da roba kuwa a wanke su da gishiri, ba da sabulu ko omo ba, a jiƙa kwana uku a zubar. Ko wane iri ne, gwajin ƙarshe guda ne: a sa kifi biyar su kwana uku. In suna yawo suna cin abinci, a kawo saura. Asarar biyar ta fi asarar ɗari biyu sauƙi.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna da kyau, sai dai sun fito daga ƙasa ba iska cikinsu, don haka a riƙa zuba su daga sama suna fantsama. Ruwan famfo na hukuma akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta cikinsa, mai amfani gare mu, mai kisa ga kifi, sai a tara shi a buɗaɗɗen wuri ya kwana biyu tukuna. Ruwan rafi ya kan zo da ƙwan kwaɗi da cuta, da damina kuma da maganin feshin da ya wanko daga gonaki.

Akwai ruwa guda da mu ke roƙon jama'ar Birnin Gwari su nisanta ɗungum, shi ne na ramukan haƙar zinariya da wuraren wanke ta. Da rani ramukan nan su kan riƙe ruwa bayan ko'ina ya ƙafe, sai mutum ya ga kamar ya sami banza. Masu wanke zinariya da zaiba su ke kama ta, duwatsun da a ke niƙawa kuma waɗansu akwai dalma cikinsu. Ba a manta da yara ɗaruruwa da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba, da waɗanda ta kashe a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, nan maƙwabtanmu. Zaiba kuwa taruwa ta ke yi cikin naman kifi, wuta ba ta kashe ta, banda ba ta fitar da ita. Kifin na iya girma lafiya lau, mai ciki da yaron da suka ci su ne za su biya.

In za ka sayo 'ya'yan, nemi wurin ƙyanƙyasa wanda wani da ka sani ya taɓa saye ya ji daɗi. Mai koyo ya sayi waɗanda suka ɗan tasa, masu tsawon babban yatsa ko fiye, ko da sun fi tsada, don sun wuce lokacin yawan mutuwa. Su zama kai ɗaya, masu kuzari, ba mai gyambo. Akwai kuma barbarar tarwaɗa da ramboshi, wadda ta kan fi girma amma ta fi cin 'yan'uwanta, a fara da tarwaɗa zalla tukuna. Daga Kaduna zuwa Kakangi tafiya ce mai nisa, saboda haka a roƙi mai sayarwa ya hana su abinci kwana guda kafin tafiya don kada su ɓata ruwan jarka, a yanke saman jarkar, a taso da asuba. In an iso kada a juye su kai tsaye. A ɗora jarkar cikin ruwan tanki kamar rabin awa, ana ɗiban na tanki kaɗan kaɗan ana ƙara musu, sa'an nan a karkata ta su fita da kansu. Ran nan ba abinci, sai gobe.

Daga nan sai kiwo. Abinci sau biyu, safe da yamma, a wuri guda, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti goma zuwa sha biyar. Mai yawo a kan ruwa ya fi, don kana ganin abin da suka ci. Ƙwayar abincin tana da lamba, a fara da ƙanana a riƙa ƙarawa yadda bakinsu ke girma. Gara da shinge da tsutsa ƙari ne mai kyau. Mushen kaza kuwa kada a jefa, ko ba don kome ba don masu saye. In ka ga ruwa ya fara wari ko kumfa, ko kifi sun tsaya a tsaye a sama gashin bakinsu a waje, ko sun ƙi abinci, kada ka ruga kantin magani. Tsai da abinci, canja rabin ruwa, ka duba gobe. Sau da yawa shi ke nan.

Sanyi shi ma yana da nasa. Tarwaɗa ta fi girma in zafin ruwa ya kai digiri 26 zuwa 30. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, ƙaramin tanki ya kan huce da dare ƙwarai, kifi su lafe a ƙasa su rage ci. Mai kiwon da bai sani ba sai ya ci gaba da zuba abinci yadda ya saba, ya ruɓe a ƙasa. A lokacin nan a rage abinci, a jinkirta na safe sai rana ta ɗaga, a rufe tanki da leda ko tabarma da dare a bar 'yar kafa, a kuma canja ruwa da sabon ɗiba daga rijiya, wanda ya kan fito da ɗumi. Wanda zai fara karo na farko, ya fi masa ya zuba da farkon damina, ruwa ya wadata, sanyi kuma da saura.

Saura maganar waɗanda suka ɓace. Cikin kowace zuba a kan sami 'yan kaɗan masu saurin girma fiye da saura, tarwaɗa kuwa duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, ko ɗan'uwanta ne. Guda biyar irin waɗannan sun isa su gama da rabin tanki, kai kuwa kana murna kana cewa ga waɗansu sun yi girma. Maganin abin shi ne a wata biyun farko, bayan kowane mako biyu, a rage ruwa da sassafe a tsame manyan a ware su. Ashe ke nan tun farko mazauni biyu a ke bukata, babba da ƙarami. Rabin duron roba ya isa na wucin gadi.

Tun kifi na wata uku a fara neman mai saye, masu farfesu da masu gidajen abinci a Birnin Gwari, ko matan da ke banda. In sun isa ba a sayar ba, ci su ke yi kullum, girman kuwa ya ragu. Wanda ya iya banda da kansa ya huta da wannan, don busasshen kifi yana jiran kasuwa, yana kuma jure hanya.

Shi kuwa ɗan kifin yaro, Malam, in yana da sauran rai ana iya ceto shi. A nema masa akwatin gilashi ko farar roba mai faɗi wadda ta ci kamar lita 20, da murfi mai huji, don shi ma yana tsalle, a kuma bar sarari tsakanin ruwa da murfin inda zai sha iska. A zuba wankakken tsakuwa a ƙasa, da ɗan kasko ko ciyawar ruwa inda zai ɓuya. Ɗan ƙasar zafi ne, yana son digiri 24 zuwa 28, don haka a ajiye shi cikin ɗaki nesa da taga da hunturu, kada kuma rana ta buge shi. Kowane mako a ɗebe rubu'in ruwan a ƙara wanda ya kwana, kada a juye duka, kada sabulu ya taɓa wurin, gama a jikin tsakuwar nan waɗansu halittu da ido ba ya gani za su zauna suna cinye gubar da muka faɗa. Abincinsa ƙwaya uku ko huɗu sau biyu a rana, 'ya'yan sauron nan masu wutsil-wutsil cikin randa kuwa ba abin da ya fi so kamarsu. Shi kaɗai za a bari, kada a kawo masa aboki. In an yi haka ya kan kai shekara biyu zuwa huɗu, yaron kuma da shi zai koyi canjin ruwa kafin ya isa taya ka na tarwaɗa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke gina murhun bandar kifi da duro, Malam sai ka adana naka.